Furannin Makoki a Ƙofar Shagon Baba

Dariyarta ya fara sani kafin ya san fuskarta.

A wani ɗan shagon taliya ne bayan tashar jirgin ƙasa a Seoul, da tsakar rana. Mai shagon ta daka wa wani ƙaton ɗan sanda tsawa don ya zubar mata da romo, shi kuwa ya kama ba ta haƙuri kamar yaro. Hye-rim ta kasa riƙe dariya. Saurayin da ke teburin gefe ya ajiye tsinken cin abincinsa ya juyo.

"Yi haƙuri, 'yammata. Ke ce ta gefen hagu?"

"Hagun me?"

"A shirin Surukai Uku. Ke kike fara dariya, sauran su bi."

 Aikinta ke nan: ana ɗaukar su su cika kujerun 'yan kallo, mataimakin darakta ya ɗaga hannu su tuntsire, ya sauke su yi tsit. An kuma ja musu kunne kada a ji zancen a waje.

"Ban san me kake faɗa ba," ta ce.

"To, shi ke nan. Amma ta yau ta fi ta talabijin daɗi."

Sunansa Gi-tae, gyaran firji yake yi. Idan ya tashi aiki yana rubuta ra'ayinsa kan finafinai a wani shafin intanet, da sunan Kujerar Baya. Masu karanta shi ba su cika motar haya ɗaya ba, ciki har da ƙanwarsa mai shigowa don ta zage shi.

Kafin damina ta wuce ya zama Yaya, ita ta zama 'Yar Hagu. Sukan fito daga silima suna musu har bakin layinsu.

"Yaya, kuka fa ka yi."

"Mura ce. Fim ɗin banza ne, karen ne kawai ya iya wasa."

Wata Laraba ya rubuta cewa tauraron Surukai Uku kyau kawai gare shi, ba ya ba ko jariri dariya, kuma dariyar da ake ji a shirin saye ake yi. Mutane sukan ce gaskiya ba ta cutar da mai ita. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa gamuwa da masoyan kyakkyawan yaro ba.

Kafin gari ya waye rubutun ya zaga ƙasa. Masoyan tauraron suka raba aiki tsakaninsu: wasu na bin tsofaffin hotunan shafin, wasu na ƙara girman inuwarsa da ta fito a jikin gilashi a wani hoto. Ba su gano shi ba. Sai suka koma neman wanda ya ba shi labarin ciki.

Mataimakin darakta Gong, mai ɗaga musu hannu, ya daɗe yana gayyatar Hye-rim cin abinci tana zillewa. Ya tare ta a bakin ƙofa yana murmushi.

"Na gan ki da wani mai jakar kayan gyara. Ki yi hankali, Hye-rim, mutanen nan ba su da tausayi."

Washegari sunanta ya fito a intanet, da hotonta, da adireshin shagon wainar shinkafar mahaifinta.

Wayarta ta dinga ruri, saƙonni na shigowa, har ta yi zafi a hannunta. Mun san layinku. Mun san kalar rigar da kika sa yau. Ta leƙa ta taga, kowa a titi ya zame mata mai ɗaukar hoto. Ta tura wa Gi-tae saƙo:

"Da ma don ka samu abin rubutawa ka kula ni? Kai kana ɓoye, ni ce a fili."

Ya amsa nan take: "'Yar Hagu, ko kalma ɗaya taki ban sa ba. Kunnena ya gaya min tun kafin na san ki. Amma ni na jawo miki. Ki ɗauki wayata, don girman iyayenki."

Ba ta ɗauka ba.

Ranar Asabar aka kawo furannin. Manyan fararen furanni masu tsayin mutum a kan ƙafafun katako, irin waɗanda ake jerawa a gidan rasuwa, kowanne da ƙyalle mai sunanta. Aka jera su tun daga ƙofar shagon har kantin magani. Bayansu wata babbar mota ta zo ta tsaya, da allon talabijin a jikinta, fuskar Hye-rim na haskawa a kai, ƙarƙashi an rubuta: Maciya amana.

Wata tsohuwar maƙwabciya ta shigo da gudu tana kuka, ta ɗauka yarinyar ta mutu.

Baba ya kashe wutar tukunyar turara. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Wane ne shi?"

"Baba, shi ne wanda na ce zan kawo ya gaishe ka."

"Wanda ya sa aka kawo wa 'yata furannin gawa tana da rai? Kada ya tako min gida. Ya rubuta takardar ban haƙuri da hannunsa kamar yadda kowa ke yi, ya ce ke kika ruɗe shi ko shi ya ruɗe, oho, ya dai kashe wutar nan."

Kowa ya yarda ban haƙuri na kashe irin wannan wuta. Ba ya kashewa. Nuna wa jama'a yake inda za su ƙara dukan.

Hye-rim ta yini a bayan buhunan shinkafa, tana jin motar tana maimaita sunanta. Can da la'asar sai ta ji hayaniyar ta canza. Ta leƙa ta ƙasan labule.

Gi-tae ne a tsakiyar titi, da rigar aikinsa mai sunansa a ƙirji. Babu hula, babu takunkumin rufe fuska. Masoyan tauraron da suka taru suka yi masa caa da wayoyi. 

"Ni ne Kujerar Baya," ya ce. "Nam Gi-tae. Ga fuskata, ku ɗauka da kyau. Yarinyar gidan nan ba ta gaya min komai ba. Ku sauke hotonta ku sa nawa."

"Ka janye maganarka!" wata ta yi ihu.

"Na yi nadamar abin da ya same ta. Amma shirin ba ya ba da dariya."

Ƙwai ya fashe a kafaɗarsa, wani a goshinsa. Bai goge ba. Ya sunkuya ya ɗaga furen farko ya kai bakin kwata, ya dawo ya ɗauki na biyu.

"Baba, za su kashe shi," ta ce tana kuka.

Baba ya leƙa ta labule. Sannan ya ɗaura ƙyallen aikinsa, ya buɗe ƙofa, ya fita ya kama ɗaya ƙafar furen.

"Kai, mai taurin kai. Ɗaga ta can."

"To, Baba."

"Ban zama babanka ba tukuna." Suka yi taku biyu, Baba ya ƙara da cewa, "Uban gidan nan na cikin shirin ma bai iya ba. Wa ke cin shinkafa haka?"

Shagon da Gi-tae ke aiki ya sallame shi, ita ma ba a sake kiranta aikin dariya ba. Sun sha makonni suna bin lungu idan za su haɗu. Daga baya aka ga tauraron riƙe da hannun wata budurwa, sai motar ta tashi ta koma ƙofar gidan tauraron.

Da bazara aka yi bikin. Hye-rim na tsaye cikin farar riga, amma duk wanda ya ɗaga waya sai kafaɗarta ta ɗaga, idonta ya tafi ƙofa. Gi-tae ya matse hannunta.

"'Yan'uwanki ne, 'Yar Hagu. Waccan ma gwaggonki ce, kuma ta juya wayar baibai."

Suka durƙusa gaban Baba. Ya dafa kawunansu, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ba ka ita, ɗana. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare, tsoro ya fita daga gidanku." Ya share ido, ya ƙara da cewa, "In ka ga fim bai yi maka ba, ka zo shago ka gaya min. Ni kaɗai."