Ƙugiyar Ɗantani

Ranar kasuwar Gaya Nasiba ta shiga shagon Siddo mai gyaran kwamfuta, rungume da tata cikin zane kamar jinjiri. Ya ɗago kai, ya manta abin da ke hannunsa.

"Malam, tana mutuwa," in ji ta. "Kuma muryar babana na ciki."

Mahaifinta Ɗantani masunci ne a Tounouga. Bara ya shiga kogin Isa, wato Kwara, jirginsa ya dawo bakin gaɓa shi kaɗai. Ba gawa, ba kabari. Abin da ya rage shi ne waƙoƙi da hirar da ta ɗauka yana gyaran taru.

Siddo ya sa mata lojisiyel, wato manhaja, mai kwafar ajiya zuwa wani diski. Ya yi aiki, ya nuna kore, ya ce an gama. Suka buɗe: hotuna na nan, takardun makarantarta na nan, muryar Ɗantani ko ɗaya babu. Ya canja diski, ya canja waya, haka dai. Kwamfutar kuwa kullum sai ƙara kuka take daga ciki, kamar ana kankare ƙasan jirgi.

Gyara ya ƙi ƙarewa, zuwa ya yawaita. In ido ya saba, zuciya ba ta tambayar izini. Sai ga saƙon Siddo a portabul ɗinta, wayarta ta hannu:

"Kifin zinariyata, kin ci abinci? Babanki ya fi ni taurin kai, amma ban saki ba."

Ta mayar: "Likitan ƙarfe, fara warkar da marar lafiyarka, sannan ka yi zaƙin baki."

Da manyan Siddo suka je neman aure, Baba Yacuba, ƙanen marigayi, ya ƙi taɓa goron.

"Na ji labari," in ji shi. "Komai ya bi yaron nan, yayana kaɗai ya ƙi. Wanda ruwa ya riƙe ya san abin da ba mu sani ba. In bai yarda ya shiga hannunsa ba, 'yarsa ma ba za ta shiga ba."

Maganar dattijo ba a taka ta. Aka maido kwamfutar gida, mata suka fara kauce wa ɗakin da take. Nasiba da kanta ta fara shakka, ta daina amsa saƙo.

Siddo ya tafi Tounouga, ya zauna a zauren gidansu Nasiba da rana tsaka, ita tana bakin ƙofa, Baba Yacuba a tsakani. Ya jera abin da ya kwafu da abin da ya ƙi. Nasiba ce ta leƙo ta ce, "Hoton ƙanwata ma babu. Da na ɗaurin auren ƙawata Safi."

Suka dubi juna. Ƙanwa, ɗauri, Ɗantani. Ita makarantar Hausa da Faransanci ta yi, da ƙugiya take rubuta sunan komai, kowace murya kuwa da sunan Ɗantani ta ajiye ta. Tsohon lojisiyel ɗin bai san baƙi mai ƙugiya ba, tsallake shi yake, ya ce an gama. Maƙaryaci ba lallai sai mai baki ba.

"To cire ƙugiyar mana, ya zama Dantani," in ji ta. "Yi sauri kafin ta mutu."

Siddo ya kai yatsa, ya tsaya.

"A'a. Ban san shi ba, ba zan fara da rage masa suna ba. Ina masunci ba ƙugiya?"

Baba Yacuba ya gyara zama.

Siddo ya kashe lojisiyel ɗin, ya shiga kwafa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar na kuka, allon na ɗaukewa yana dawowa. Na ƙarshe na shiga ta yi baƙi, ba ta sake tashi ba.

Ya sa diskin a tasa kwamfutar. Sai ƙarar filafili a ruwa ta cika zauren, sannan muryar Ɗantani, kusa-kusa kamar yana bayan tabarma:

"Kai yaro, riƙe da kyau. Abin da Allah Ya kawo hannunka kada ka bari ya kuɓuce."

Nasiba ta dafe ƙofa. "Baba, ni na ɗauki duka. Ban taɓa jin wannan ba."

"Da wani yaron jirgi yake magana, a kan kifi," in ji Siddo, amma gashin hannunsa a tsaye yake.

Baba Yacuba ya daɗe yana kallon wajen kogi. Sannan ya ce, "Ina goron nan?"

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Amarya ta tare a Gaya, diskin na ƙulle a bakin zanenta. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya ji ƙan wanda ruwa ya riƙe.