Mai Bincike da Ɗan Yayarsa

A wani gari can, kwalejoji biyu suka kai wasan ƙarshe na ƙwallon kwando. Dokar gasar kuwa ita ce, wanda ya wuce shekara ashirin ba ya shiga fili. Aka naɗa wani malami ya yi bincike.

Malamin ya bincika, ya bincika, har ya gano wani dogon ɗan wasa na kwalejin gabas ya wuce shekarun. Ya ce masa, "Samari, gobe a benci za ka zauna."

Dogon ya ce, "Na yarda, Malam. Amma kyaftin ɗin kwalejin yamma fa? Rana ɗaya wanzami ya yi mana askin suna."

Kyaftin ɗin nan kuwa ɗan yayar malamin ne, kuma bai taɓa bincikarsa ba. Da ya bincika, sai ya ga shi ma ya wuce shekarun.

Yayar ta same shi har gida. "Haba ƙanena, wa zai sani?"

"Ni na sani, Yaya."

Washegari kyaftin ya zo da rigar wasa. "Kawu, ko minti biyar?"

"Ko minti ɗaya."

Dogon ya matsa wa kyaftin wuri a benci, aka busa usur.