Malam Kunkuru da Motocin Kwamfuta

Ruwan sama ne ya koro shi cikin shagon, ya tarar da ita tana goge sitiyari da tsumma. Shagon babanta ne, ɗaki mai jerin kujeru irin na mota, kowace da sitiyari da birki da totur da babban allo a gabanta, inda samari ke zuwa tsere da motocin da kwamfuta ke tuƙawa. Sunanta Auta, ita ke kula da na'urorin. Ita ke saka sunan kowa a ciki, ita ke zaɓa masa ƙarfin abokan tserensa.

Ya yi sallama, ta ɗago ta amsa, sai ya manta abin da ya kawo shi. Don kada ya tsaya kamar gunki ya nuna kujera ya ce zai gwada.

"Ka taɓa yi?" ta tambaye shi.

"Haba ƙanwata, ni fa malamin tuƙi ne. Makarantarmu ce a ƙarshen layin nan."

Aka saki motoci. Malam ya laluba neman sigina bai samu ba, ya ba wata jar mota hanya cikin ladabi, ya taka birki tun kwana na can nesa. Kafin ya gama zagaye sauran sun isa har sun huta. Auta ta toshe baki da tsumman, dariyar ta ƙi tsayawa.

"Sannu Malam Kunkuru, Allah ya huta gajiya."

Kunya ta rufe shi, ya ce, "Inji ba zai wulaƙanta ni ba. Zan riƙa zuwa har in zo na ɗaya sau ɗaya tak. Daga ranar na sallami kujerar nan."

Haka ya riƙa zuwa duk yamma bayan ya tashi daga aiki. Auta ta ja kujerar roba kusa da shi ta shiga warware duk abin da yake koya wa ɗalibansa.

"Ka buɗe ta gefen waje, sannan ka tsuke cikin kwanar. Birki tun sitiyari na miƙe, ba a tsakiyar kwana ba. Kai Malam, daina kallon katanga, inda za ka nufa za ka kalla!"

"To wannan ta bayana fa?"

"Ba ɗalibarka ba ce, ba ruwanka da ita. Taka totur!"

Hannunsa ya fara faɗawa. Ya koyi liƙe wa bayan mota a miƙaƙƙen titi har ya samu damar wuce ta, ya daina ba kwamfuta haƙuri idan sun gogi juna. Ran nan sai ga shi na biyu, hancin motarsa a gindin jar motar nan. Ya yi tsalle yana murna, ita kuwa gabanta ya faɗi. Ta saba da sallamarsa da yadda yake ajiye mata lemo a kan tebur. Gobe zai ci, ya sallami kujera, ya tafi.

Da ya fita ta shiga sunansa ta ɗan ƙara wa motocin kwamfuta ƙarfi. Kaɗan dai, don a ƙara sati guda. Amma duk lokacin da ya sake matsowa gaba sai hannunta ya koma wajen.

Malam ya shiga ruɗu. Yana ji a jikinsa ya fi da iyawa, amma kullum baya yake komawa. Ya zargi takalminsa, ya koma taka birki da safa. Ya zargi idonsa, ya je aka gwada aka ce lafiya lau. Wata rana yana koyar da wata dattijuwa ya ji bakinsa ya ce mata ta tsuke cikin kwana, matar ta kashe mota ta tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ya rubuta wa Auta saƙo: "Malamata, ni fa na kasa gane kaina. Ko dai ni ne ke lalacewa, ko motocin nan suna atisaye a bayan idona."

Ta amsa: "Kunkuruna, kowa da haka ya fara. Gobe ka zo da wuri, ina jiran lemona."

Ya karanta kalmar farkon har ya haddace, ya ƙara rikicewa. Sonsa take ko tausayinsa? Bai sani ba, kuma bai da ƙarfin halin tambaya.

Baba kuwa, tsohon direban babbar mota da ke zama a bakin ƙofa, idonsa na kan komai. Ya kira 'yarsa gefe.

"Auta, na ga take-takenku da yaron nan, kuma ban yarda ba. Ba talaucinsa na gani ba. Mutum ya kwashe watanni a kan abu ɗaya, kullum jiya ta fi yau, shi zan ba riƙon gida? Ga Zakara nan ya aiko neman aurenki."

Zakara shi ne gwanin shagon, mai yawan cika baki da fesa turare. Auta ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, tsoro ya rufe shi. Ta gane da hannunta ta ɓata Malam a idon babanta, ta rasa ta inda za ta fara gyarawa.

Asirin ya tonu wata Asabar da shagon ya cika. Malam ya sake zuwa na ƙarshe, Zakara ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

"Tashi, yayana, in nuna maka yadda ake yi. Baba, zo ka ga bambanci."

Ya zauna a kujerar ba a cire sunan Malam daga na'urar ba. A kwanar farko motocin kwamfuta suka wuce shi kamar a tsaye yake. Ya fusata ya danna totur, ya rungumi katanga, motar ta juya tana kallon inda ta fito. Ya ƙare na ƙarshe, can bayan inda Malam ke ƙarewa. Zakara ya miƙe yana rantsuwa na'urar ta lalace.

Baba ya sa tabarau ya duba da kansa. An kai ƙarfin motocin har ƙarshe, matakin da babu wanda ke taɓawa a shagon. Ya juyo a hankali ya kalli 'yarsa.

"Ni ce," in ji Auta.

Malam ya kalle ta, ya kalli allon, ya sake kallonta. "Ke? Ke da kike koya mini?" Ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita da safa.

Kwana biyu babu shi babu lemo. Auta ta rubuta ta goge har ta gaji, sannan ta tura: "Na san na yi maka ba daidai ba. Ba don in yi maka dariya na yi ba. Ka ce ranar da ka ci za ka daina zuwa, ni kuma na kasa jure ranar. Ka zo in mayar maka da matakinka na gaskiya, ka ci abinka ka tafi. Ka yafe mini."

Bai amsa ba. Washegari da yamma sai ga shi ya shigo, fuska ba fara'a ba fushi. A gaban idonsa da na Baba ta mayar da motocin matakin ranar farko, ta koma gefe ta tsaya tana murza tsumma.

Ba tsere aka yi ba ranar. Malam ya wuce su kafin kwana ta biyu, ya sha kwanonin sumul, jar motar nan ta zama ɗigo a madubi. Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Layin ƙarshe ya bayyana, Auta ta kawar da kai don kada ta gani.

Sai ta ji ƙarar birki. Ya tsayar da motar daf da layin, ya saki sitiyari. Motocin kwamfuta suka iso suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, me kake yi?"

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Alkawari biyu ne suka haɗe mini. Na ce ranar da na ci zan bar kujerar nan, kuma ba na son barinta. Sannan tun ranar da na zo na biyu na yi wa kaina alkawari, ranar da na zo na ɗaya zan gaya miki ina sonki, don kada in zo gaban Baba a matsayin na ƙarshe. Kina ƙara musu ƙarfi, ni ina haɗiye maganata."

Auta ta dafe kai. "Kana nufin ni na riƙa ture ranar da kaina?"

"Ke fa, malamata. Watanni."

Ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta ce, "To ai yanzu ma kai ne na ƙarshe, Kunkuruna."

"Na saba. Kina sona a haka?"

Ta sunkuyar da kai ta ɓoye fuska a tsumman goge sitiyari, shagon duka ya ji amsar ba tare da ta furta ba.

Baba ya yi gyaran murya. "Ni dai kun juyar mini da kai. Amma na ga yaron da aka yi ta kayarwa bai taɓa dukan sitiyarina ba, bai taɓa zagin kowa ba, gobe kuma ya dawo. Ɗana, tsallake layin nan kada na'urata ta yi zafi, ka je ka turo mini manyanka. Kuma ka sani, wadda za ka ɗauka ta fi motocin nan wuya."

An ɗaura aure bayan damina. Zakara ma ya zo, har yanzu yana gaya wa mutane na'urar ce ta lalace. Da za a tafi da amarya Baba ya riƙe hannayensu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare su a kowace kwana, jama'a suka amsa da amin.

Malam da kansa ya tuƙa ta zuwa gida. Ya sa sigina, ya duba madubi, ya ba kowa hanya. Auta ta kalle shi ta ƙasan mayafi ta ce, "Taka totur mana."

"A'a, ranki ya daɗe," ya ce. "Wannan karon na riga na ci, kuma ba inda zan tafi."