Maraƙar Da Aka Sa Wa Suna Elske

Ƙarfe goma na safe lokacin kofi ne a gidan Baba Douwe, ko ana ha-maza-ha-mata sai an sha. An gama tatsar safe, an tuɓe takalman roba a bakin ƙofa, kowa ya zauna a kujerarsa ta kullum a kicin. Mama Baukje ta zagaya da gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ta mayar da murfi ta rufe kamar yadda ake yi a gidan kowane mai shanu a nan yankinmu na Friesland.

Hiske, matar ɗansu Auke, ita kaɗai ce ba ta taɓa nata ba. 'Yan watanni ke nan da ta haifi 'yarta ba rai, kuma tun ranar da aka dawo daga maƙabartar coci babu wanda ya ƙara tayar da zancen a gidan. Ba mugunta ba ce, haka mutanenmu suke. In abu ya yi musu ciwo sai su ɗaure fuska su ƙara ƙaimi a wajen aiki. Ita kuwa Hiske ba a gona ta tashi ba, 'yar malamin makaranta ce daga birnin Leeuwarden, a gidansu in an ji zafi faɗa ake yi. Shirun nan yana cin ta kamar gara.

Ta taka ƙafar Auke ta ƙarƙashin tebur. Ya yi gyaran murya, ya sosa ƙeya, sannan ya faɗa wa kofin gabansa cewa sun kama ɗakin otel na kwana biyu a garin Brugge, can ƙetaren iyaka, ranar Juma'a za su tafi, kuma ya riga ya samo wanda zai riƙa tatsa a madadinsa.

Baba Douwe ya ajiye kofi a hankali.

"Brugge? Me aka ajiye muku a can?"

Auke ya ce gari ne mai kyau, ruwa ya ratsa shi ko'ina, ana shiga kwale-kwale a zagaya.

"Au, ruwa za ku je kallo? Ga ruwa nan bayan gida cike da lambatu, ku ɗauki kujera ku je ku zauna!"

Daga nan tsoho ya buɗe baki. Ciyawa ta isa yanka, injin tatsa yana wani irin ƙara tun shekaranjiya, shi bai yarda da hannun ɗan haya a jikin shanunsa ba, kuma shekara arba'in da aurensa bai taɓa kwana a wani gado ba in ban da na asibiti. Hiske ta sunkuyar da kai tana ji, don ta san duk wannan zai zo. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne wanda ya biyo baya.

"To Elske fa? Ba ta shan madara sosai, kuma hannunka kaɗai ta saba da shi. Wa za ka bar wa ita?"

Hiske ta ɗago kai.

"Wace Elske, Baba?"

"Maraƙar nan mana — wadda aka haifa watan jiya."

Sa wa saniya sunan mace ba sabon abu ba ne a wajenmu, kowace a garke da sunanta. Amma Elske shi ne sunan da Hiske da Auke suka zaɓa wa 'yarsu, shi ne a rubuce a jikin ɗan dutsen da ke bayan coci. Ta juya ta dubi mijinta.

"Ka sani?"

Auke ya ci gaba da kallon kofinsa. Wallahi da ma ƙarya ya yi mata da ta fi sauƙi. Ta miƙe ta fita, hawaye sun wanke mata fuska tun kafin ta kai ƙofa.

Ranar Juma'a da ta zo, jakar da ta haɗa ta fi ƙarfin kwana biyu, kuma ba ta ɓoye masa dalili ba. Ta ce tafiyar tana nan, za ta ba auren nan kwana biyun da ta yi wa kanta alkawari. In kuwa suka dawo yadda suka tafi, ita a Leeuwarden za ta tsaya, gidan iyayenta. Auke ya ɗauki jakar ya kai mota. Yana son matarsa kamar ransa, bakin faɗa ne Allah bai ba shi ba.

Ranar farko a Brugge kam, asara ce. A tashar Leeuwarden suka bar mota, kuma tun a jirgin ƙasa bawan Allah yake leƙen taga yana yi wa ciyawar mutane sharhi. Da suka isa, Hiske tana nuna masa tsofaffin gidajen da ƙafarsu ke cikin ruwa, shi kuma yana duban kofaton dawakin da ke jan keken 'yan yawon buɗe ido, wai wanda ya yanke musu bai iya ba. Waya kuwa ba ta huta ba. Baba yana neman makullin tarakta. Baba yana cewa ɗan hayan nan ya makara. Baba yana tambaya ko a can ma hadari ya haɗu. Kowane kira sai Auke ya ce mata "sori, minti ɗaya," ya koma gefen gada ya toshe kunne guda. Washegari da lokacin tatsa ya yi, ta farka ta gan shi zaune a bakin gado, hannuwa a cinya, bai san abin da zai yi da su ba. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa, duk lokaci guda.

Da hantsi suka shiga kwale-kwale. Ana yayyafi sama-sama, mai tuƙi yana ta zuba barkwanci, in an zo wata gajeriyar gada sai ya ce kowa ya sunkuya in yana son komawa gida da kansa. Har Hiske ta ɗan yi murmushi. Auke ya kama hannunta, ba ta janye ba. Sai aljihunsa ya fara rawa.

Ko da yake ba a kunnenta wayar take ba, ta ji komai, don Baba Douwe in yana waya kamar da wanda ke ƙetaren gona yake magana. Elske ta kwanta, zawo take yi, ta ƙi tashi. Akwai jirgin rana, ya kamo hanya yanzu.

Suna sauka a bakin ruwa Auke ya fara duba lokacin jirgi a wayarsa. Bai ma san yana yi ba, hannunsa ne ya saba. Hiske ta tsaya tana kallonsa har ya ɗago.

"Je ka," ta ce, muryarta a kwance. "Ba zan riƙe ka ba. Ranar da na haifi taka Elsken, kwana ɗaya ka yi mini a asibiti ka koma tatsa. Yau kuma saboda ta Baba za ka bar ni a garin da ban san kowa ba. Ka tafi, Auke, amma kada ka jira ni a gida."

Ya daɗe tsaye, ruwa yana ɗiga daga gashinsa. Tun da aka haife shi bai taɓa ce wa ubansa a'a ba, ko a kan cokali. Ya danna lambar Baba.

"Baba, ka kira likitan dabbobi. Ba zan zo ba. Ina tare da matata."

Aka fara magana da ƙarfi daga can, ya katse, ya kashe wayar gaba ɗaya ya saka ta a jakar Hiske. Ya zauna a kan katangar dutse ta bakin ruwa, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, ya rufe fuska ya fashe da kuka a gaban mutanen da ke layin kwale-kwale.

Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce shi ma ranar da ya ji Baba ya kira maraƙar da sunan, kamar ya shaƙe shi. Amma kashegari da ya shiga rumfar shanu ba kowa, ya durƙusa zai ba ta madara, sai ya ji bakinsa ya kira sunan.

"A can kaɗai nake iya faɗarsa da ƙarfi, Hiske. Kullum da safe. In ce Elske, Elske, zo nan. In na faɗa a cikin gida, gani nake zan fama miki ciwo."

Hiske ta durƙusa a gabansa ta cire masa hannu daga fuska. Ita ma kukan take, amma ba ta sassauta masa ba.

"Ni fa? Ni ma ina da kunne. Ni na ɗauke ta a cikina, kuma wata da watanni ina jira wani ya kira sunanta a gabana. Ka kai wa saniya abin da nake mutuwar so in ji!"

"Elske," ya ce, yana kallon idonta. "'Yarmu Elske."

Ranar ba su ƙara ganin wani abin kirki na Brugge ba. Sun bi bakin ruwa sun ɓata, sun sake ɓata, sun sayi soyayyen dankali ya huce a hannunsu ba su ci ba. Magana kawai suke yi. Ya gaya mata tsoron da ya ji a asibiti, da yadda ya gudu wajen shanu don su ba sa tambayarsa komai. Ta gaya masa har yanzu ƙananan safar jaririyar na nan a ƙasan akwatinta. Suka yi kuka, suka yi faɗa kaɗan, suka kuma yi dariya da ya ce ko yanzu dai kofaton dokin nan yana damunsa.

Ranar Lahadi da safe wayar Hiske ta yi ƙara. Mama Baukje ce, wadda ba ta taɓa kiranta ba tun da aka yi auren. Bayan gaisuwa tsohuwar ta fara ba ta labari. Ashe kafin Auke sun haifi 'ya mace, ita ma ba ta zo da rai ba. A zamanin ba a nuna wa uwa, ba a ma faɗa mata inda aka kai. Rinske suka so sa mata. Bayan sati guda Douwe ya shigo ya ce ya sa wa maraƙar da ta fi kowacce kyau suna Rinske. Ta yi shekaru tana jin zafinsa a kan haka kafin ta gane iyakar abin da ya iya ke nan.

"Ban ce ya kyauta ba, 'yata. Bai kyauta ba, ya kamata ya tambaye ki. Ni ma ban kyauta ba da na zuba ido. Na sha irin shirun nan, na san ɗacinsa, kuma na bari aka ɗura miki."

Da Hiske ta maimaita wa Auke, sai ya yi zaune sororo. Rabin garkensu jikokin saniyar nan Rinske ne, duk da sunan ake kiransu. Tun yana yaro yake tatsarsu, bai taɓa sanin sunan yayarsa yake kira ba.

Da yamma jirgi ya tsaya a Leeuwarden. Auke ya sauko da babbar jakar ya ajiye a gabanta, idonsa yana faɗin duk abin da ke ransa. Hiske ta dubi hanyar da ke zuwa gidan iyayenta.

"Ɗauki mana, malam," ta ce. "Ko ni zan kai ta mota?"

Da suka isa gona, sun tarar da Baba Douwe a kicin sanye da rigar zuwa coci, hula a hannu yana ta murza ta. Ya ba Auke labari a gajarce: likita ya zo, maraƙa ta tashi, ɗan hayan ma ba laifi. Sannan ya juyo wajen surukarsa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce in tana so, gobe zai canja wa dabbar suna. Hiske ta ce a bar shi, tunda yanzu ta san daga inda ya fito, amma daga yau duk mai son kiran sunan nan ya kira shi a kicin ma, ba a rumfar shanu kawai ba.

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya nufi ƙofa, ya tsaya, ya dawo.

"Ni ban shiga na ga jikata ba a asibiti. Na je har bakin ɗakin, na kasa." Ya ɗago ya dube ta. "'Yata — da wa ta yi kama?"

Tun da abin ya faru babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Hiske ta matso ta kama hannunsa mai kaushi.

"Da kai, Baba. Hancinka ne sak, har da ɗaure fuskar."

Baba Douwe ya yi wata irin dariya wadda ta karye a tsakiya. Ya laluba kujera ya zauna, hawaye suna bin kuncinsa, bai share ba. Mama Baukje ta zo ta dafa kafaɗarsa, suka zauna su huɗu, Hiske tana ba su labarin 'yan yatsun Elske da gashin kanta.

Ku da ke shirin aure, ku riƙe wannan. Da Hiske ta ɗauki jakarta a ranar da ta ji zafi, da babu mai ganin laifinta, amma da ta tafi da ciwonta ta bar mutum uku da nasu. Ta yi haƙurin kwana biyu, kuma ba haƙurin rufe baki ba, ta faɗi abin da ke cin ta. Shi ma Auke ya gane cewa ce wa uba "yau ina tare da matata" ba rashin biyayya ba ne. In kana son mutum, ka buɗe baki ka gaya masa inda ke yi maka ciwo, don shi ma wataƙila a nan nasa yake.