Daɓen Ɗakin Hadiyya

Magariba ta kawo jiki a Gafasa, kaji sun shige akurki, Suwaibatu na tuƙa tuwo a tsakar gida, sai ga dutse ya faɗo gindin murhu. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyun kuwa daga ɗakin 'yarta Hadiyya ya fito, ɗakin da ƙofarsa ke rufe.

Bayan girbi ne mijinta Maiwada ya yi wa ɗakin sabon daɓe. Kamfanin haƙar ma'adinai da ya killace gonakin gabas, har da tasa, yana zubar da wata ƙasa mai ruwan toka a bayan wayar shingensa, laushi kamar gari, in ta bushe ta fi siminti ƙarfi. Kowa ɗiba yake. Maiwada, wanda ko ƙaya ce ba ya wuce ta in dai kyauta ce, ya ciko amalanke. Ko sallama bai yi wa wurin ba, alhali ya san a gurbin tsohuwar tsamiya aka haƙa ramin kamfanin.

Tun daga nan gidan ya zame musu kurkuku. Da rana ta faɗi sai jifa, sai wata murya a ƙarƙashin daɓen kamar ana niƙa. Hadiyya ta daina cin abinci, hannunta na rawa, wani lokaci ta sandare ido a kafe. Tsoro ya cinye iyayen, amma su tashi su tafi ina? Gona ta tafi, gidan kaɗai ya rage.

Aka ɗauko Malam Sharfaddeen daga Kademi. Ya zauna kusa da yarinyar ya yi ta karatu, har bakinta ya buɗe da muryar tsoho.

"Me ya kawo ka gidan mutane?" in ji Malam.

"Gidan mutane? Malam, a kan gidana yarinyar nan take kwana. Sun tuge tsamiyata, sun niƙe ƙasata, ba wanda ya ce mana ku tashi za a yi aiki. Wannan ya kwaso ragowar ya shimfiɗa. Ni gidana na biyo."

"In an mayar maka da ƙasarka, za ka fita?"

Muryar ta ce, "Akwai waya, akwai masu gadi. Amma a kankare, a kai bakin wayar, a yi sallama. Zan zauna can ina leƙen wurina, yadda shi ma yake zuwa leƙen gonarsa."

Maiwada ya sunkuyar da kai.

Muryar ta ci gaba, "Sai dai ka gaya musu gaskiya, Malam. Jifa nawa ne, murya tawa ce. Rawar hannun nan ba tawa ba ce. Abin da suka zuba a ƙasar ne ya shiga jininta, shi kuwa ba ya jin karatu."

Hadiyya ta yi atishawa, jikinta ya saki. Malam ya ce, "Maiwada, nawa aikin ya ƙare. Ku kai ta asibitin Gaya."

Washegari aka kankare daɓen, aka kai ƙasar bakin wayar, aka yi sallama. Magariba ta yi, ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Suwaibatu ta miƙa wa Hadiyya kofin kunu, yarinyar ta karɓa da hannu biyu, kunun na zuba a zanenta. Ta bayan katanga kuma ana jin maƙwabta suna buga sabon daɓe da ƙasar nan mai ruwan toka.