Bayanin da Salima Ta Bari Ya Wuce

Ranar da Haliru ɗan Maiyama ya fara aiki a wani ɗan ofishi a Jega, da gyara Salima ta tarbe shi, ko sannu da zuwa bai samu ba.

Manhajar AI suke ginawa, wadda manoma ke tambaya ta waya. Ita manhajar ba ta san gona ba. Kayan aiki gare ta, wani na duba yanayi, wani na lokacin ban-ruwa, kuma kafin ta ɗauki ɗaya sai ta karanta ɗan bayanin da aka rubuta a kansa. Haliru ke rubutawa, Salima ke tantancewa.

"Malam, ka hwaɗi abin da shika yi," ta ce, ta juya masa kwamfuta. "Ina kah hwaɗi inda ba a amfani da shi?"

"Haba, wa ka tallan kayanai shi hwaɗi aibinsu?"

"To ni ba ni barin shi wuce."

Ya gyara yana ƙunƙuni. Daga gyara sai hira, daga hira sai abin da kowa a ofis ya gano kafin su. Yana kiranta Alƙaliyata, tana kiransa Ɗan Gyara.

Ana tsakiyar noman albasa mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, kullum yana kan hanyar Maiyama. A gurguje ya rubuta bayanin kayan ban-ruwa, ya manta bai ce kada a yi amfani da shi idan ganyen albasa ya kwanta dab da cira ba. Salima ta ga giɓin sarai. Ta dubi jajayen idanunsa, tausayi ya kama ta, ta bari ya wuce da niyyar a gyara daga baya.

Ita ce kuwa ta saka wa mahaifinta, Malam Sa'idu na Danwarai, manhajar a waya. Da manhajar ta ce masa ya ba albasa ruwa dab da cira, ransa bai kwanta ba, amma aikin ɗiyarsa ne, ya riga ya yi alfahari da shi a majalisa. Ya bayar. Albasar ta ruɓe a rumfar ajiya, warin har kan hanya. Da Malam Sa'idu ya ji Haliru ne ya rubuta bayanin, ransa ya ɓaci.

"Yaron da yar rubuta wanga abu ka son ɗiyata?" ya ce. "Kar in ƙara jin sunanai."

"Baba, wallahi ni na gani nib bari."

"Rufa mishi asiri kika yi."

Tun daga ranar abinci ya daina shiga mata. Ga Dalhatu, dillalin albasa a Aliero, ya fara aiko da gaisuwa, Baba kuma yana amsawa da fara'a. Ba wanda ya tilasta mata, amma ta san ba za ta yi aure babu albarkar uba ba. Ta rubuta wa Haliru tana kuka:

"Ɗan Gyara, na ƙare. Na roƙa, Inna ta roƙa. Ba ni iya rayuwa da wani, ba ni iya saɓa mishi. Ka yi wani abu don Allah."

Ya amsa: "Alƙaliyata, bayanin na gyara shi. Baba ne ban san yadda zan gyara ba."

Kawun Haliru, Yari, ya zo wurin Baba ya yi ta yabonsa, yaro ne mai ilimi, mai natsuwa, ba shi da aibi. Malam Sa'idu ya saurara, ya sallame shi da na gode.

Wata rana da hantsi Salima ta kai wa Baba fura a rumfa, sai ta ga Haliru a durƙushe, ya naɗe hannun riga yana ware ruɓaɓɓiyar albasa. Baba bai kore shi ba, bai kuma dube shi ba.

"An ce min ba ka da aibi," in ji Baba daga ƙarshe.

"Ina da shi, Baba. Ban san albasa ba. In na gaji nikan yi gaggawa, kuma ba ni son a gyara ni sai na yi ƙunƙuni. Kar a ba ni aikin da ba mai dubawa. Amma ba ni ƙarya, kuma ba ni iya barin Salima."

Salima na tsaye da kwanon fura a hannunta. Baba ya daɗe yana juya wata albasa mai kyau da ya tsinta a cikin ruɓaɓɓun.

"Da wayarku ta hwaɗa min inda ba ta sani ba, da ban yi asara ba," ya ce. "Kai ka hwaɗi. Turo magabatanka."

Salima ta durƙushe a wurin, kuka ya ƙwace mata, furar ta zube ba wanda ya kula.

Bayan sallah aka ɗaura aure a Danwarai, Baba da kansa ya sa albarka, ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Tana cikin lulluɓi wayarta ta yi ƙara.

"Alƙaliyata, na wuce?"

Ta share ido ta rubuta: "Ka wuce, angona. Wanga karon na duba da kyau."