Karan Awon Baba

A garin Buza akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai son abu mai ƙyalli. Ko takalmi za a saya mata, mai walƙiya take nunawa, ko da zai matse mata ƙafa.

Mahaifinta, Malam Lawali, da kwamfuta yake aiki. Ana kawo masa hotunan gonaki da aka ɗauka daga sama, shi kuma ya haɗa su ya fitar da taswira. Da ita manoma suke gane inda ruwa ke cin ƙasa, su jera duwatsu a wurin kafin damina.

Tsohuwar kwamfutarsa ta gaji. Sai ya sayo sababbin kayan ciki don ya haɗa wata mai ƙarfi. Abu ɗaya ya rage, wato akwatin da za a ɗaura kayan a ciki. Ran Alhamis manoma za su zo karɓar taswira. Ga shi kuma ya faɗi da babur, an yi masa ɗori a ƙafa.

Ran Litinin ya kira yarinyar. Ya nuna mata wani dogon kati mai fanka uku.

"Ɗiyata, wanga shi ka aikin hotuna. Shi ya fi komi tsawo cikin kayan ordinatar, wato kwamfuta."

Ya ɗauko karan gero, ya gwada a jikin katin, ya yanke daidai tsawonsa.

"Ku tahi Madawa ke da Kakarki, shagon Alƙasim. Ki sa karan ga cikin akwati a kwance. In ya shiga har da sauran wuri, shi za ki ɗauko. Babba nike so, wanda iska za ta ratsa. Kin san zahin garinmu."

"To, Baba," in ji ta. Daɗi ya kama ta, don ba a taɓa ba ta aike mai girma haka ba.

A shagon Alƙasim akwatuna biyu suka tarar. Ɗaya baƙi ne, ƙato, gabansa duk ƙananan huji kamar rariya. Ɗayan fari ne, ɗan madaidaici, gefensa gilashi. Da Alƙasim ya kunna shi, sai fitilu suka kama, ja, kore, shuɗi.

Yarinya ta saki baki tana kallo.

Ta sa kara a cikin baƙin, ya shige har da sauran wuri. Ta sa a cikin farin, ya ƙi. Ta juya shi ta nan, ta juya ta can, ya ƙi. Abin da ya hana shi shiga bai wuce yatsa uku ba.

Ta waiga. Kaka Habsa da Alƙasim suna ta gaisuwa, daga lafiyar gida sun koma kan awaki. Sai ta juya musu baya, ƙas, ta karye bakin karan. Ta ƙulle guntun a gefen zanenta.

"Kaka, ya shiga!" ta ce.

Kaka ta dubi fitilun, ta taɓe baki. "Ƙawata, ba girin-girin ba, ta yi mai. Amma tun da awo ya yarda, mu tahi."

Da la'asar suka iso gida. Malam Lawali ya ga akwatin, ya jawo shi gabansa. Ya kwance murfin, ya ɗauko dogon katin, ya gwada. Katin ya tokare. Ya sake gwadawa a hankali. Ina!

"Ba ni karan," ya ce.

Ya ɗora karan a jikin katin. Karan bai kai ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe ni na yi kuskure," ya ce. "Idona ya hwara gajiya. Ki yi haƙuri, ɗiyata, na sa kin sha hanya a banza."

Ya jawo sandarsa, ya yunƙura zai tashi. Zafin ƙafar ya sa ya cije leɓe.

"Ina za ka da wagga ƙahwa?" in ji Kaka.

"Gobe in tahi Madawa da kaina, Inna. Na yi wa mutane alkawali."

Yarinya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baba ne yake ba ta haƙuri a kan laifinta! Guntun kara da ke ƙulle a zanenta ya yi mata nauyi kamar dutse. Ta kwance shi, ta ajiye a gabansa.

"Baba, idonka lahiya lau. Ni na karya shi. Hitilun nike so."

Sai kuka.

Malam Lawali ya ɗauki guntun, ya haɗa da karan. Suka zauna daidai tsawon katin. Ya jawo ta jikinsa, ya share mata hawaye da bakin rigarsa.

"Kin gani? Kara kinka rage, kati bai ragu ba. Raina ya ɓaci, ba ni ɓoye miki. Amma da kinka hwaɗi gaskiya, kin hutar da ƙahwata, kin hutar da zuciyata."

"Mi zan yi, Baba?"

"Wanda ya ɓata shi ka gyarawa."

Washegari ta koma Madawa tare da Kaka. Ita da bakinta ta gaya wa Alƙasim abin da ta yi. Kunya kamar ta kashe ta. Alƙasim ya yi dariya, ya karɓi farin akwatin, ya ba su baƙin.

Motar dawowa a cike take. A cinyarta ta ɗora ƙaton akwatin tun daga Madawa har Buza. Nauyinsa ya dame ta, amma ba ta sauke shi ba.

Ran Laraba suka haɗa kwamfutar tare, tana miƙa masa kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Dogon katin ya zauna daram. Da aka kunna, ta kai tafin hannunta bayan akwatin, ta ji iska tana fita.

Ran Alhamis manoma suka cika ƙofar gida. Kowa ya ga gonarsa a taswira, ya ga inda zai jera duwatsu. Wani tsoho ya tambayi Malam Lawali wa ya kawo masa wannan ƙaton abu, shi da ba ya iya tafiya.

"Ɗiyata ce," ya ce. "In na sake samun aike mai girma, ita zan aika."

Yarinya ta sunkuyar da kai, idonta ya cika da hawayen daɗi.

Yara, in gaskiya ta ƙi dacewa da abin da kuke so, kada ku rage mata tsawo. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kada wanda yake ƙaunarku ya ɗauki laifin a kansa.